Fakara Huɗu Daga Fakuwa

Bana ma ruwa ya nuna mana halinsa. Ya sauka da wuri, kowa ya ɗauki sungumi aka yi shuka, gero ya fito ya kai tsawon tafin hannu, sai sama ta yi shiru. Da rana in ka leƙa bayan gari sai ka ga ganyen ya nannaɗe kamar an murza shi da hannu. A cikin wannan hali jikata Hauwa ta haihu, aka kawo ta gidan nan wanka. Ubanta, ɗana Ɗanbaba, ya hau babur ya tafi Kankia, ya dawo da ƙauri da kaji da kayan yaji cike da leda. Ina zaune a tabarma ina kallon ana figar kajin, sai na ji bakina ya ce, "Da ma fakara ce."

Ɗanbaba ya yi dariya, furfurar gemunsa na rawa. "Inna, fakara kuma? Ina za a same ta yanzu? Daji duk ya zama gona, wanda ya rage kuwa ba mai shiga."

Gaskiya ya faɗa, rabon da in ji kukanta da asuba har na manta. Amma maganar ta mayar da ni wata damina mai nisa, wadda shi kansa yana cikinta, sai dai bai san komai ba, don a zanen goyo yake.

Ni mutuniyar Fakuwa ce, aure ya kawo ni Boko. Ni ce 'yar fari a wurin mahaifina, kuma a zamaninmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin ya kira sunana ba. In yana son ruwa ni kaɗai ce a tsakar gida, sai ya yi gyaran murya ya ce, "Ba kowa a gidan nan ne?" Ni ma ban taɓa ɗaga ido na dube shi sosai ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka muka tarar ana yi. Manomi ne kamar kowa, amma an fi saninsa da farauta. Ba shi da bindiga. Kayan aikinsa karensa, da kere, wato sandar jifa mai kai, da tarkon da yake saƙawa da izgar doki. Fakara ta fi son gudu a ƙasa fiye da tashi, shi kuwa ya san inda take kiwo da inda take kwana. Muna yara ba mu ɗauki namanta a bakin komai ba.

Shekarar da nake ba da labari, daminar da ta gabace ta ba ta yi kyau ba. Tun bazara ba ta ƙare ba aka share rumbun gidanmu na Boko da tsintsiya. Mu uku ne a gidan: ni da maigidana da mahaifiyarsa, wadda muke kira Iya. Ruwan farko ya zo, aka shuka, rana ta ƙone. Aka sake, ta sake ƙonewa. Irin da aka zuba na uku, Iya ce ta ciro shi daga ƙasan wata tukunya da ta binne a ɗakinta, ba wanda ya san da shi. Da aka kai shi gona, abin da ya rage mana a gida dusa ce da ɗan garin rogo.

Zafin shekarar nan daban yake. Hadari ya haɗu ta gabas baƙi ƙirin, iska ta taso, mata su fito da randuna da ƙore, sai ya watse ba ko ɗigo. Daga nan sai wani gumi ya rufe gari, bango ya yi ta huci har bayan magariba. Da safe Iya takan dama kunun dusa tsararo, mu sha da ɗan tsamiya don ya wuce. Maigida ya ƙara tamke igiyar wandonsa ya saɓi hauya. Mata su fita bayan gari tsinkar tafasa da yaɗiya da rama, a dafa a matse, a yi kwaɗo ba ƙuli-ƙuli, gishiri da barkono kawai. In ka ci, cikinka ya cika amma ƙafafunka ba su sani ba. Gayya ma ba a fasa ba, don ba wanda yake da ƙarfin nome gonarsa shi kaɗai. Sai dai babu kiɗa, babu fura. Maza su jeru su yi ta noma shiru, in sun gama gonar wannan gobe su faɗa ta wancan. Matan Fulani da suka saba shigo mana da nono duk safiya suka daina zuwa. Rannan ɗaya ta shigo da ƙwaryarta wayam, ta ce shanu sun ƙafe, ko za a taimaka mata da dusa, ba don shanun ba, don yaranta.

A tsakiyar wannan na haifi Ɗanbaba. Shi ne na biyu. Na farin bai zauna ba, ya koma tun bai fara rarrafe ba, don haka duk motsin wannan a kan idona yake. Ranar suna aka yanka ɗan akuyan da ya rage mana, aka sa wa yaro sunan mahaifina, shi ya sa har yau ban taɓa kiransa da sunan yanka ba. Naman bai kwana ba. Unguwa duka yunwa take ji, ba yadda za a yi a ɓoye. Mahaifina bai samu zuwa ba, ƙanwarsa ce ta wakilci gidanmu, ta kuma shaida masa abin da ta gani.

Itace dai akwai, don haka wankan jego bai tsaya ba. Safe da yamma Iya ta tafasa ruwa ta fyaɗa mini da ganyen darbejiya. Amma ruwan zafi a kan cikin da ba komai, sai in fito ina ganin duhu-duhu, in dafa bango. Mai jego da kunun kanwa da romon ƙauri aka san ta, ni kuwa kunun dusa nake sha kamar kowa, sai dai Iya takan rage nata ta ƙara mini. Ba a jima ba nono ya fara janyewa. Yaro ya kama ya tsotsa ya tsotsa, ya saki ya tsala kuka. Muka yi ta fama da kukan. Sannan ya rage kukan, ya koma wani ɗan ƙugi kamar na ɗan mage, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali, don na taɓa jin irinsa.

Wata rana wajen azahar, ina kwance a ɗaki, na ji sallama a ƙofar gida. Muryar ta shige ni tun kafin in gane ta. Iya ta leƙa, ta dawo da sauri tana gyara lulluɓi.

"Tashi, Dije. Babanki ne."

Daga Fakuwa zuwa Boko tafiya ce mai nisa ga mai ƙarfi ma, balle a wannan rana. Da ƙafa ya zo. Bai shigo ba, don ba ya shiga gidan surukai. A zaure aka shimfiɗa masa tabarma, karensa ya kwanta a waje a inuwar bango yana haki, haƙarƙarinsa duk a fili. Na ɗauki yaro na fita, na durƙusa daga bakin ƙofa, na kau da kai gefe.

"Sannu da zuwa, Baba. Ya hanya?"

"Lahiya lau," ya ce, yana duban waje. "An samu kai lahiya?"

"Lafiya lau. Ya su Inna?"

"Suna gaisuwa."

Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan. Iya ta kawo ruwa a ƙwarya. Da ya miƙa hannu zai karɓa na saci kallo. Hannun nan da na sani kamar icen kirya ya zama ƙashi da jijiya. Ya sha, ya huta, ya ƙara sha, ya roƙi a zuba wa kare saura.

Sannan ya jawo burgamin fatar da ke rataye a kafaɗarsa, ya zazzage a gaban Iya. Fakara huɗu, kowace da yankanta a wuya, gashinsu mai zane-zane ya ɗan jiƙe da jini. Iya ta riƙe baki.

"Malam, a wannan shekara? Ina ka same su? Nan ko gafiya an gama da ita."

"Allah ne ya ba da. A yi wa mai jego romo."

Ya miƙo hannu, Iya ta karɓi yaron daga wurina ta ba shi. Ya ɗora shi a cinya, ya buɗe zanen ya daɗe yana dubansa. Da jika ba kunya, sai ya saki fuska, ya shiga yi masa wasa.

"Kai ne ka ƙwace mini suna? To ai ba ka cika shi ba. Dubi wuyanka kamar na ɗan tsako. Mi kake ci a garin nan?" Ya ɗan girgiza shi a hankali. "Saurara in gaya maka, takwara. Ka ce wa uwarka ta ci naman nan ita kaɗai. Kada ta ce za ta raba wa unguwa, na san halinta tun tana ƙarama. Ka ce ta shanye romon har ƙasa, ta tauna ƙashin. Ka ce mata kuma ta daina kuka, wanga ba inda za shi, da yardar Allah."

Ina durƙushe a wurin, hawaye na ɗiga a kan gwiwata. Tun da nake, bai taɓa yi mini doguwar magana irin wannan ba, ita ma ta bakin jariri ta biyo.

Iya ta ce, "Malam, ka kishingiɗa ka huta. Yanzu za a ɗora, ka ɗan taɓa kafin ka kama hanya."

"A'a, alhamdu lillahi, a ƙoshe nake. Sai da na ci na hito."

Duk wanda ya dubi wuyansa ya san ba haka ba ne. Amma mutum irinsa ba ya cin abinci a gidan da ɗiyarsa ta fari take aure, ko da zai faɗi. Iya ta yi ta roƙo, shi kuma ya yi ta godiya. A ƙarshe ya ce zai yi salla ya jira rana ta ɗan yi sanyi. Na ce a raina, wannan ce damata.

Iya ta so ta hana ni aiki, na ƙi. Na zauna a gindin murhu na fige su da hannuna, ina yi ina sauri, gashin yana manne mini a yatsu. Na hura wutar kara na babbake su har sauran gashin ya ƙone, fatar ta yi ja. Ƙamshin babbakar nan kaɗai sai da ya sa yawu ya cika mini baki. Na fasa cikinsu, na ware hanta, na tsaga ƙundu na wanke. Ba tsabar hatsi ko ɗaya a ciki, sai 'ya'yan ciyawa da tsakuwa da gara. Su ma yunwar suke ji. Biyu na yayyanka na zuba a tukunyar ƙasa, biyu Iya ta shafa musu gishiri ta rataye a saman murhu don hayaƙi ya riƙe su. Ta shiga ɗakinta ta fito da wani ƙullin tsumma: ɗan citta, masoro, kanumfari kaɗan, da guntun daddawa da ta bushe ta yi tauri kamar dutse. Na daka su da barkono. Mai kuwa babu, ko na shafawa.

Naman fakara ba irin na kaza ba ne. Tsuntsuwar daji ce, kullum a guje, namanta baƙi-baƙi ne mai tauri, ba ya nuna da wuri. Na jefa 'yar kanwa, na ƙara itace, na yi ta fifita wuta da faifai. Tukunya na tafasa, ina ɗaga murfi ina taɓa naman da tsinke, shi kuwa yana nan yadda yake. Tururin ya cika gida, ya tsallaka katanga. Na ji yaran maƙwabta sun yi tsit, sannan na ji uwarsu tana kora su ɗaki. Ban taɓa jin haushin tukunya kamar ranar ba.

Da naman ya fara sakin ƙashi, na samo ƙaramin akushi na zuba cinyoyi biyu da ƙundu duka, na cika da romo, na rufe da faifai. Na ba Iya, na ce ta ajiye wa Baba ta fito, ta ja ƙofar zaure, ba mai ganinsa. Ta tafi. Ba ta daɗe ba ta dawo da akushin a hannu.

"Ya tahi, Dije. Tabarmar ma ya naɗe ta ya jingine."

Ashe da ya ji ƙamshi ya fara tashi, ya san abin da za a yi, sai ya sulale.

Ana cikin haka maigida ya dawo daga gona. Bai ko ajiye hauya da kyau ba ya karɓi akushin ya bi bayansa. Ni ba halin fita, ban yi arba'in ba. Na tsaya a bakin zaure ina kallon gabas, inda hadari ya sake haɗuwa. Can iska ta taso, aka fara yayyafi, sannan ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya, irin wanda muka yi wata da watanni muna roƙo. Mutane suka fito suna kabbara a cikinsa. Ni kuwa tunanina yana kan tsohon da ke hanya.

Maigida ya dawo jiƙe sharkaf, ya rungume akushin a ƙarƙashin riga. Ya ce ya cim masa a gindin wata tsamiya bayan gari, yana zaune ya haɗa kai da gwiwa. Da Baba ya hango shi sai ya miƙe, ya kama gyaran takalmi kamar abin da ya tsayar da shi ke nan. Maigida ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah ko romon ne ka kurɓa. Nan ba gida ba ne, daji ne." Ya ce sai Baba ya yi murmushi, ya ɗaga faifan ya duba, ya shaƙi tururin, ya mayar ya rufe.

"Ta iya, kamar uwarta. Mayar mata. In na ci wanga, mi na kawo?"

Ya kira karensa suka shiga cikin ruwan.

Na ci naman nan da yamma, ina ci ina kuka, Iya na zaune a kaina kamar mai gadi. Na tura mata, ta ture. Na tura wa maigida, ya tashi ya fita. Romon ya ratsa ni, yajin ya buɗe mini gumi, na ji ɗumi yana sauka har yatsun ƙafata. Na tauna ƙashin kamar yadda aka ce. Sauran biyun Iya ta yi ta gutsura tana yi mini romo kaɗan-kaɗan, ta ja su har iya inda za su kai. Ban san ko naman ne ba, ko ruwan da ya sauka ne ya kwantar mini da rai, amma nono ya dawo. Ranar da na ji Ɗanbaba ya tsala kuka da ƙarfi har ya firgita kaji a maƙwabta, Iya ta yi guɗa.

Daga ranar ruwa bai sake ɗaukewa ba. Marka ta kama, gari ya yi laushi, bango ya yi gansakuka, gero ya miƙe ya fi mutum. Yunwar ta fi tsanani a lokacin, don kana ganin abinci a tsaye ba ka isa ka ci ba. Amma akwai sa rai. Na yi ta shiri a zuciyata: in na yi arba'in, in an fara kaka, zan je Fakuwa ganin gida. Zan daka fura da sabon gero, in ba Inna ta kai wa Baba, a gidansa dai ai zai sha.

Gero ya fitar da kai, ya fara ƙosawa, sai wani mutumin garinmu ya zo a kan keke. Tun daga yadda ya yi sallama na gane.

Da muka isa Fakuwa an riga an kai Baba makwancinsa. Mahaifiyata ta ce tun da ya dawo daga Boko a cikin ruwan nan zazzaɓi ya kama shi. Ya ɗan tashi, ya koma gona ya yi maimai, sai ƙafafu suka kumbura, ya sake kwanciya. Ta ce kafin ya zo wurina kwana da kwanaki ya yi yana yawo a daji, yana dawowa hannu wofi, har ranar da ya samu huɗun nan. A gidan kuwa tafasa kawai ake ci. Ta ce masa ya bar ɗaya a yi masa romo ya samu ƙarfin tafiya, ya ce huɗu ma ba su isa mai jego ba. Ba da zargi ta faɗa mini ba, labari kawai take bayarwa, tana jijjiga Ɗanbaba a cinyarta. A tsakar gida ƙannena suna gasa tumun farko daga gonarsa, ƙamshin ya cika ko'ina.

Gonar ta yi kyau a shekarar, kyan da ta daɗe ba ta yi ba. Mutanen gari suka taru suka girbe, suka ɗaure, suka kai rumbu. Da na koma bayan kaka, Inna ta sa aka ɗora wa maigida dami guda a kan jaki, ta ce nawa ne.

Ban zuba shi a rumbunmu ba. Na sussuke, na surfe, na daka fura da hannuna. A lokacin shanu sun murmure, Fulani sun dawo da nono, na dama ƙwarya babba na sa aka ajiye a zaure, aka ce sadaka ce ga duk mai wucewa. Wanda ya fara tsayawa wani tsoho ne matafiyi, ba mu san shi ba, ƙafafunsa fari fat da ƙasar hanya. Ya zauna, ya yi bismilla, ya ɗauki ludayi. Ina bayan zana ina leƙensa. Ya sha a natse, ba ya duban kowa, furar tana gangarowa a gemunsa yana sharewa da bayan hannu. Da ya ga ƙasan ƙwaryar ya ɗaga kai ya ce, "Masu gida, ko da saura?"

Na ce, "Akwai, Baba."

Na koma ciki na damo masa wata.